LAHIYA UWAR JIKI: Miƙar gamsheƙa da ciwon bayan manomi

Idan damina ta kama, manomi ba shi da lokacin kwanciya. Hatsi na hita, haki na hita tare da shi. Wanda bai yi noman hwari cikin lokaci ba, haki za shi ci gonarshi. To, daidai wannan lokaci ne ciwon baya ke kada mutane da yawa. Magidanci shi wuni duƙe bisa kalme, da marece shi kasa miƙewa. Kwana 5 da anka yi kwance cikin watan Yuli, ana ganin giɓinsu cikin rumbu ga kaka.

Ba mai noman hatsi kaɗai ba. Mace mai daka, mai ɗaukar itace da tulu, ta san wannan ciwo. Makiyayi mai jan wasaki bakin rijiya mai zurhi ya san shi. Mai garkar albasa a Galmi, wanda ke wuni duƙe wajen dashe da ban ruwa, shi ma ya san shi. Ƙungiyar Lahiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ƙidaya mutum miliyan 619 masu ciwon tsatso cikin shekarar 2020. Wannan ya hi yawan mutanen Nijar sau 20. Duk duniya babu ciwon da ya kai shi hana mutane aiki.

Hilin lahiya na wannan wata ya kawo wata dabara ta miƙa jiki daga ƙasar Indiya. Ba a sayen ta da kuɗi. Tabarma kaɗai take so, da haƙuri.

YADDA BAYA SHIKE

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne 33, an jera su ɗaya bisa ɗaya. 7 suna ga wuya, 12 suna ga gadon baya inda haƙarƙari ke kamawa, 5 suna ga tsatso. Sauran 9 suna can ƙasa wajen kwankwaso, mahi yawansu sun haɗe. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani guringuntsi mai taushi. Aikinshi kamar na gammo ne: shina hana ƙashi gogar ƙashi, shina rage nauyin kaya. Ta cikin ƙasusuwan nan ne laka ta bi, daga gare ta jijiyoyi ke hita zuwa ƙahwahu.

Ƙasusuwa 5 na tsatso su ne ke ɗauke da mahi yawan nauyin mutum. Idan mutum ya wuni duƙe, gammon nan shina matsuwa ta gaba. Tsokar baya tana wuni a ɗame, ta gaji, ta yi tauri. Shi ya sa miƙewa ke wuya da marece. Bayan da ya wuni lanƙwashe ta gaba shina bukatar a ɗan maida shi baya sannu a hankali.

Galibin ciwon baya na gajiya ne, kuma shina sauƙi da kanshi cikin mako 6 ko ƙasa da haka. Doguwar kwanciya ba ta warkar da shi, sai ma ta ƙara ma jiki tauri. Cikin watan Disamba na 2023, OMS ta hiddo jagora bisa ciwon tsatso mai daɗewa. Motsa jiki shina cikin abubuwan da ta ce a riƙa yi.

MI NE NE YOGA?

Mutanen Indiya suna da wani ilimi na horon jiki da numhwashi tun zamanin kakanninsu. Sunanshi yoga. Kalmar ta hito daga tsohon harshensu, Sanskirit. Tushenta shina nuhin haɗa abu biyu, kamar yadda karkiya ke haɗa shanun noma su ja tare. Ga mai miƙa jiki, abu biyun su ne motsi da numhwashi.

Yoga ta taso cikin addinan Indiya, kuma wani sashe nata ibada ce ga masu bin su. Amma cikin shekarun 1930 wani malami mai suna Kirishnamacariya ya koyar da miƙe-miƙen yoga a birnin Maisur, kudancin Indiya. Almajiranshi sunka baza su cikin duniya. Yau ana koyar da su a gidajen likita da wuraren wasanni na ƙasashe da yawa, don lahiyar jiki. Cikin 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga watan Yuni ta kowace shekara, ta zama ranar yoga. Abin da hilin nan ya ɗauko shi ne miƙa jiki kaɗai. Babu wata kalma da ake hwaɗi, babu abin da ake rusuna ma.

Cikin miƙe-miƙen akwai wadda suke kira bujangasana. Bujanga shi ne maciji, asana kuwa yadda ake aje jiki. Wani littahinsu mai suna Geranda Samhita, wanda ya kai shekara 300, ya sa ta cikin miƙe-miƙe 32. Duk wanda ya taɓa ganin gamsheƙa ta ɗaga gaba ta hwasa kai, sauran jikinta na ƙasa, ya gane siharta. Don haka da Hausa sai a ce mata miƙar gamsheƙa.

YADDA AKE YIN TA

A yi ta da sahe kahin a ci abinci, ko da marece bayan an dawo daga gona an huta. Idan an ci tuwo ko an sha hura da yawa, a jira awa 2 ko 3. A shimhiɗa tabarma ƙasa, wuri mai daidai. Gado mai lotsawa bai dace ba. A sassauta zariya.

1. Mutum shi kwanta rub da ciki. Ƙahwahu a miƙe, da ɗan rata tsakaninsu. Bayan ƙahwa shina taɓa tabarma. Shi aza goshi bisa hannuwanshi, shi ja numhwashi ta hanci sau 5, shi saki jiki.

2. Shi jawo gwiwar hannu ƙarƙashin kahwaɗa, shi dogara bisa damtsen hannu, kamar yaron da ke kwance shina duba allo. Ƙirji ya tashi kaɗan. Shi tsaya nan numhwashi 5, shi koma ƙasa. Wannan ita ce ƙaramar miƙa. Mai hwarawa shi tsaya gare ta mako guda cur.

3. Bayan mako guda, idan babu ciwo, sai shi aza tahin hannu ƙasa, gehen ƙirji. Gwiwar hannu tana manne da haƙarƙari, kada ta buɗe waje.

4. Shina jan numhwashi, shina ɗaga kai da ƙirji sannu sannu. Tsokar baya ce ke ɗagawa, hannu taimako kaɗai shike yi. Cibiya da ƙugu kada su rabu da tabarma. Gwiwar hannu ta zamna a ɗan lanƙwashe.

5. Kahwaɗu su sabka, su yi nesa da kunnuwa. Ido shi dubi ƙasa, kamar taki ɗaya gaba da tabarma. Shi tsaya numhwashi 3, daga baya shi kai 5.

6. Shina sakin numhwashi, shina sabkowa sannu har goshi shi taɓa ƙasa. Shi huta numhwashi 3, kana shi sake. Sau 3 ya isa ga mai hwarawa. Bayan wata guda ana iya kai sau 6.

7. Daga ƙarshe shi juya rigingine, shi jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, shi rungume su numhwashi 10. Wajen tashi, shi mirgina bisa gehe, shi dogara da hannu.

Duka aikin bai wuce minti 10 ba. Wanda ba shi da agogo ba shi da damuwa, numhwashi shi ne agogonshi.

KURAKURAI 3 DA AKE YI

Na hwarko, gaggawa da gasa. Saurayi mai ƙarhi za shi so miƙe hannuwa duka, shi banƙare don tsara su gani. Wannan shina matse ƙasusuwan tsatso, shi jawo ciwon da ake gudu. Miƙar gamsheƙa ba kokowa ba ce, babu takobi ga wanda ya hi banƙarewa. Ɗagawar taƙi guda da anka yi daidai ta hi ta kamu guda da anka yi da ƙarhi.

Na biyu, riƙe numhwashi. Idan mutum ya ji ba shi iya numhwashi cikin sauƙi, ya wuce iyakarshi, sai shi ɗan sabko.

Na uku, jehwa kai baya ana kallon sama. Wannan shina sa ciwon wuya da jiri.

Akwai bambanci tsakanin jan tsoka da ciwo. Ɗan ja ga ciki da ƙirji, da ɗumi ga baya, alama ce mai kyau. Amma idan an ji suka kamar ta tsinke, ko ciwo ya gangara cinya da ƙahwa, a bari nan take.

WAƊANDA BA ZA SU YI BA

Mace mai ciki kada ta yi, haka wadda ta haihu kwanan nan. Wanda anka yi ma aiki ga ciki, sai lokotoro ya yarda. Mai gwaiwa ko ƙaba kada shi yi. Wanda ya hwaɗo daga itace, daga raƙumi ko daga amalanke, shi hwara zuwa gidan likita. Akwai kuma dattijan da bayansu ke sauƙi in sun duƙa, shi tsananta in sun miƙe. Su wannan miƙa ba tasu ba ce. Su yi mataki na 7 kaɗai.

CIWON DA MIƘA BA TA WARKARWA

Ba kowane ciwon baya ne na gajiya ba. Ga alamomin da ke cewa a tahi gidan likita:

Ciwon baya tare da masassara, rama, zuhwar dare ko tarin da ya wuce mako 2. Ƙwayar tarin huka tana iya kama ƙashin baya, ta cinye shi har doro shi hito. Tana da magani idan an je da wuri.

Ciwon baya tare da jini cikin hitsari, ko zahi wajen hitsari. Shina iya zama tsargiya ko ciwon ƙoda.

Ƙahwa ta mutu ko ta rasa ƙarhi, ko mutum shi kasa riƙe hitsari da bayan gida. Wannan ba a kwana da shi. A kai mutum ran nan.

Ciwon da ya wuce mako 6 babu sauƙi, ko wanda ke hana barci ko an kwanta.

MAGANIN TALLA

Wasu ƴan ƙwadago suna sayen tramol ga masu tallar magani don su iya wuni gona. Ƙwayar tana danne ciwo, ba ta warkar da shi. Mutum shi ci gaba da aiki bisa rauni bai sani ba. Tana kama jiki har mutum shi kasa barin ta, kuma yawanta shina sa hwarhwaɗiya. Kada a sha ta sai ma'aikacin lahiya ya rubuta.

CIKIN GONA

Miƙar sahe da marece tana son abokin tahiya. Idan an kai ƙarshen kunya, a miƙe tsaye, a dahwa ƙugu da hannu biyu, a ɗan karkata baya sau 3, kana a sake duƙawa. Wajen ɗaukar dame ko buhu, a lanƙwasa gwiwa, a jawo kaya kusa da jiki, a tashi da ƙarhin cinya. Kaya mai nauyi na mutum biyu ne.

Ranar hwarko ba a ganin komi. Wanda ya riƙe ta kullum, cikin ƴan makonni shina iya jin baya ya saki, miƙewar marece ta yi sauƙi. Wanda ya karanta wannan hili shi karanta ma ƴan gidansu da abokan karatun yaƙi da jahilci, shi gwada masu bisa tabarma. Mata su koya ma junansu cikin gida. Manomi shina wasa kalme tun ruwa bai sabka ba, shina gyara rumbu tun hatsi bai nuna ba. Baya ma kayan aiki ne, kuma shi ba a sayen sabo ranar kasuwa.

Wata mai zuwa, in Allah ya yarda, hilin lahiya za shi yi magana bisa cizon maciji cikin gona, da abin da ya kamata a yi kahin a isa gidan likita.