Makami Ne Ya Ci, Ko Mai Makami?

 

Yau za mu tsoma baki cikin wata gardama da ta daɗe tana ci tsakanin masu buga gem ɗin ban tsoro a intanet, domin ta shafi duk mai yanke hukunci a kan aikin wani. Za ka ga an lallasa mutum a wasa, maimakon ya jinjina wa wanda ya kayar da shi, sai ya ce, "Ai ba iyawarka ba ce, tauraron da ka ɗauka ne mai ƙarfi." Mu dai a wurinmu wannan magana ragon hukunci ce, kuma za mu kawo hujja.

Bari mu ɗauki Dead by Daylight, wasan da kamfanin Behaviour Interactive na birnin Montreal a ƙasar Kanada ya fitar a shekarar 2016. Mutum biyar ne ke bugawa: ɗaya makashi, huɗu masu neman tsira. Aikin mutum huɗun shi ne su gyara janareta biyar, su buɗe ƙofa su fice. Aikin makashi kuma ya bi su, ya kayar da su, ya rataye su a ƙugiya. Wanda aka rataye karo na uku, tasa ta ƙare. Kowane makashi da irin baiwar da aka ba shi, to a nan rigimar take.

Akwai wata makashiya mai suna Nurse. Tana ɓacewa ta ɓulla a wani wuri, ta ratsa bango da katako kamar babu su. Kusan duk wanda ya san wasan ya yarda tana sahun gaba wajen ƙarfi. A ɗaya gefen ga Trapper, wanda sai ya bi fili yana tsintar tarkunansa yana ɗanawa, su kuma masu neman tsira suna iya kwance su. Shi ana lissafa shi cikin masu rauni. Saboda haka da zarar mai Nurse ya gama da mutum huɗu, sai ka ji ana cewa ya ci bulus.

To amma a duba lissafi. Yawancin makasa suna gudun mita 4.6 a sakan ɗaya, masu neman tsira kuma mita 4. Ita Nurse mita 3.85 take yi. Wato da ƙafa ba za ta taɓa kamo kowa ba. Dole mai riƙe da ita ya auna nisa, ya hasaso inda abokin karawarsa zai karkata, ya dira daidai wurin. In ya kuskure, gajiya ta kama ta, ta sunkuyar da kai, wanda take bi ya yi nisa. Shi ya sa a alƙaluman da kamfanin ya sha fitarwa, idan aka haɗa gwanaye da 'yan koyo, ana ganin Nurse cikin na ƙasa-ƙasa wajen yawan kisa. Tauraruwar da ake cewa tana ci wa mutum wasa, ita ce take kunyata mafi yawan masu ɗaukarta. In da ƙarfin tauraro kaɗai ke cin wasa, ina ƙarfin nata yake tafiya a hannun ɗan koyo?

Wani zai ce, "To malam, kana nufin duk taurari ɗaya suke?" A'a. Masu wannan iƙirarin su ma suna yaudarar mutane. Ka ba gwani Nurse, ka ba wani gwani kamarsa Trapper, ka haɗa kowannensu da abokai huɗu da suka saba da juna suna magana ta waya, za ka ga bambanci ƙuru-ƙuru. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma ba kowane makashi aka ba kayan da zai iya tunkarar taron da ya haɗa kai ba. Shi kansa kamfanin ya san da haka, shi ya sa yake ta gyare-gyare. A shekarar 2022 ya ƙara lokacin gyaran janareta daga sakan 80 zuwa 90 don a sassauta wa makasa. Ƙarfin tauraro gaskiya ne. Abin da yake yi shi ne ya shata iyakar inda mutum zai iya kaiwa. Kai wa ga iyakar kuma aikin hannu ne da ƙwaƙwalwa.

Kuskuren ɓangarorin biyu guda ne: suna kallon sakamako kaɗai. Mutum nawa aka kashe, mutum nawa suka tsira, shi ke nan. Ko tsarin haɗa 'yan wasa bisa gwaninta da aka shigo da shi a 2021 ya sha suka a kan wannan, domin kisa da tsira yake ƙirgawa a wancan lokacin. Wanda ya ja hankalin makashi na tsawon lokaci har abokansa suka gama gyara, shi kuma ya mutu a ƙugiya, a lissafin na'ura ya faɗi. Wanda ya laɓe cikin kabad har aka buɗe ƙofa ya sulale, shi ne ya ci. Wane mai hankali ne zai yarda da wannan?

Masu shirya gasa sun fi kowa gane bakin zaren. A yawancin gasanninsu, ƙungiyoyi biyu kan yi karɓa-karɓa: makashi iri ɗaya, fili iri ɗaya, sannan a ƙirga sau nawa kowane ɓangare ya rataye abokan hamayyarsa. Sukan kuma hana wasu kayan ƙarin ƙarfi gwargwadon makashin da za a buga. Da zarar an daidaita makami, abin da ya rage a gani shi ne hannun da ke riƙe da shi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

'Yan uwa, wannan cuta tana cikin zaurukan sharhinmu. Littafi ya karɓu a wurin makaranta, sai wani ya taɓe baki ya ce, "Ai labarin aljanu ne, dole a bi shi," ko "Ai ɗan attajiri ta saka, shi ya sa." Alhali labaran aljanu da na 'ya'yan attajirai nawa ne suke zube a waya babu mai leƙa su? Jigo mai jan hankali Nurse ne: yana iya kai ka nesa, yana kuma saurin tona asirin wanda bai iya ba. A ɗaya hannun kuma, sai ka ga ana kambama labari maras gishiri don kawai ya taɓo jigo mai nauyi, kamar a ce duk wanda ya ɗauki Trapper ya zama gwani tun kafin ya ɗana tarko.

Dukkan hukuncin biyu suna cutar da ɗan koyo. Na farko yana sa shi raina aikin da ya kamata ya zauna ya nazarta. Na biyu yana sa shi zaci zaɓen jigo ya ɗauke masa wahalar gina jimla, da tsara hira, da sanin inda zai riƙe numfashin mai karatu.

Don haka kafin ka yanke hukunci a kan ɗan wasa ko marubuci, tambayi kanka: me aka damƙa masa, me ya yi da shi, kuma da kai aka ba, me za ka iya? Mai ganin mun yi son kai, ga fili nan a ƙasa, ya zo da hujjarsa. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.