'Yar Yara ba Ƙaramar Kasuwa ba ce

Duk wanda ya tashi yabon arzikin wannan yanki, da kasuwar Malanville yake farawa, kuma da ita yake rufewa. Ba a ga laifinsa ba. Kasuwa ce da ake lissafa ta a sahun gaba a ƙasar Benin, bayan Dantokpa ta Kotonu, kuma a ƙarshen mako takan tara mutanen Gaya da Kamba da Illo da Kandi a rumfa ɗaya. Sai dai mako kwana bakwai ne, ciki kuwa bai san ranar kasuwa ba. Daga Litinin zuwa Alhamis, abin da ke riƙe da tukunyar gidajen Garou da ƙauyukan da ke kewaye da ita shi ne 'yar kasuwar nan da ke ci bayan la'asar, ta kai har bayan isha'i, wadda iyayenmu na Kabi da Arewa ke kira 'yar yara. Ra'ayina shi ne mun raina ta, kuma rainin ya kai ga ba ta da mai tsaya mata.

A fara da dalilin da ya sa take ci da dare. Manomin fadama yini yake a cikin albasa ko shinkafa, ba ya da hannun da zai saki aiki da hantsi ya zauna jiran mai saye. A watan Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, tumatirin da aka tsinka da safe idan ya kwana biyu sai dai a shanya shi kauɗa. Ba ɗakin sanyi, ba motar da za ta zo don kwando uku. Saboda haka abin da bai isa buhu ba, bai kuma cancanci kuɗin mota zuwa Malanville ba, nan yake samun mai saye: kashin tattasai, ɗaurin yakuwa, rabin tiyar shinkafa 'yar gida, kifin da Basarke ya fito da shi da yamma, nonon Bafulatana da wagashinta. Mai dala ashirin yana cefane a nan ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Wanda ba shi da ko dala, idan an san gidansu, a ba shi ya kawo gobe. Babbar kasuwa ba ta yin wannan, don ba ta san uwar kowa ba.

Shekarar 2023 ta isa ta zama darasi. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ranar 30 ga wata ƙungiyar CEDEAO ta ba da umarnin rufe iyakoki, gadar da ta haɗa mu da Gaya ta zama shinge. Manyan motoci suka yi jerin gwano na kilomitoci, kaya suka lalace a kansu, 'yan dako da dillalai da masu abinci suka wayi gari ba abin yi. Da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren, jama'a suka koma ga kwale-kwale. Wato sa hannun mutanen da ba su taɓa taka Garou ba ya isa ya kwantar da babbar kasuwa. 'Yar yara kuwa ba ta jiran takardar duwan. Tsakanin gonar da tiren da ake kasa kaya tafiyar ƙafa ce, shi ya sa ba wanda ya iya rufe ta.

Mu Hausawan wannan gaɓa muna da wani rabo na musamman a cikinta. Baƙi ne mu da kasuwa ta zaunar. Tun zamanin fataken goro, ayarin Kano da Sakkwato kan ƙetare Kwara ta wajen Illo da Gaya, su ratsa Borgu zuwa Jugu, su nufi Gwanja, kuma duk inda suka yi zango wasu kan tsaya su yi aure. A makaranta Faransanci ake yi, a unguwa Dandanci ke da rinjaye. Ina ne yaron Bahaushe zai ji harshensa ana jan sa, ana lanƙwasa shi, ana taya kaya da shi ana cewa albarka? A gaban mai tsire da teburin mai shayi. A nan ne Badanda ke tayi da Hausa, Bahaushe ya mayar masa da Dandanci, a lissafa canji da sefa, wani lokacin har da naira. A nan ake jin wanda ya haihu da wanda ya rasu, da wanda ruwa ya ci gonarsa a ambaliyar Agusta, kafin a kai ga taron gudummawa. Wayar hannu tana kawo labarin duniya, amma ba ta gaya maka maƙwabcinka ya rame.

Akwai masu cewa kasuwar dare matattarar lalacewa ce, kuma ba zan ce maganarsu iska ce ba. Yarinya 'yar shekara 10 da ke yawo da tiren ƙosai har ƙarfe 10 na dare, gobe ta yi gyangyaɗi a aji, abin kunya ne gare mu duka. Amma a duba da kyau: duhu ne ke ɓata 'yar yara, ba taro ba. Inda dattawa ke zaune a bakin masallaci suna ganin kowa, inda fitila ta haska kowane lungu, ɓarna ba ta samun wurin zama. Idan aka kore kasuwar, tallar ba za ta mutu ba, komawa za ta yi tasha da bakin titi, inda ba idon da ya san yarinyar.

Abin da ake bukata bai kai kuɗin rumfar siminti ɗaya ta babbar kasuwa ba. Ma'aikatar magajin garin Malanville da shugaban gundumar Garou su amince da filin a rubuce, don kada wata rana a wayi gari an yanka shi shaguna an sayar wa mai hali. A kafa fitilun sola guda huɗu ko biyar, a ɗora alhakin kula da su kan masu kasa kayan da kansu, don abin da ba shi da mai shi ba ya daɗewa. Mai karɓar haraji ya bambanta mai buhu da mai kashi. Tsohuwar da jarinta bai kai jika biyu ba, idan aka yanka mata tikiti kowane dare, an ci ribarta tun ba ta sayar ba. Sarkin Hausawa da limamai su zauna da iyaye a tsayar da lokaci: da an sallame isha'i, ƙananan yara su koma gida, manya su ƙarasa cinikin. Kafin damina ta sauka kuma, a zuba wa filin tsakuwa, a fitar masa da hanyar ruwa.