Korar Baƙi Ba Ta Taɓa Cika Rumbu Ba

Duk lokacin da aka yi rikici tsakanin manomi da makiyayi a wannan ƙasa ta Gana, sai mu ji waɗansu 'yan siyasa suna cewa a kori baƙi gaba ɗaya a huta. To, muna so mu tuna musu cewa an taɓa gwada wannan magani, kuma dattawan zango sun san abin da ya haifar.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasa cikin kwana 14. Hujjar da aka kawo ita ce 'yan ƙasa ba su da aiki, baƙi sun mamaye kasuwa, kuma wai su ne ke kawo sata. A ƙidayar 1960 baƙi sun kai wajen kashi 12 cikin 100 na mutanen ƙasar. Yawancinsu ba su taɓa riƙe wata takarda ba, domin tun zamanin fataucin goro kakanninsu suke zuwa Salaga da Kumasi ba wanda ya tambaye su. Cikin 'yan watanni mutane fiye da 100,000 suka fita: Yarabawa, Hausawa, Zabarmawa, Mosawa da mutanen Togo. Waɗansu a nan aka haife su, ba su san ko hanyar garin da aka ce su koma ba. Gidaje da kaya aka sayar da su kamar a banza.

Su wa suka fara kuka? Manoman koko, 'yan ƙasa. Su suka san wanda ke sare daji, ya yi shara a gindin itatuwa, ya fasa koko ya shanya. Da yawa daga 'yan ƙwadagon nan baƙi ne daga arewa, suna aiki a kan tsarin abusa, watau a raba amfani kashi 3, mai aiki ya ɗauki 1. Umarnin kuwa ya faɗo ne a tsakiyar kakar koko. Gwamnati ta dawo tana cewa ma'aikatan gona su zauna, amma wanda aka tsorata ba ya tsayawa jin lallashi. Samarin birni da aka ce don su aka yi korar ba su tafi daji sun ɗauki adda ba. Mai shago aka kora, shagon suke so.

Kafin nan, a kakar 1964/65, Gana ta fitar da koko fiye da tan 500,000, ba ƙasar da ta kai ta a duniya. Kwaddebuwa kuwa, a ƙarƙashin Houphouet-Boigny, ta buɗe ƙofa ga Mosawa da sauran 'yan ci-rani, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 ta wuce Gana. Masu kare korar za su ce ai akwai ƙarancin farashi, da tsufan itatuwa, da cuta. Gaskiya ne, akwai su. Amma mai gonar da ke fama da waɗannan duka, sai kuma a kore masa ma'aikata a ce an taimake shi? Shi kansa Busia sojoji suka hamɓarar da shi a Janairun 1972, rashin aikin yana nan inda yake.

Ramin mugunta a gina shi gajere. A 1983 gwamnatin Shagari a Nijeriya ta yi nata, 'yan Gana wajen miliyan 1 suka dawo gida da jakunkuna a ka, a shekarar fari da gobarar daji. Ita ma Nijeriya korar ba ta tsayar da faɗuwar kuɗin mai ba.

Mun kawo wannan tarihi ne domin yanzu mu ake nuna wa yatsa. Tun 1988 ake tura jami'an tsaro su kori makiyaya a abin da suke kira Operation Cowleg, a harbe shanu, bayan ɗan lokaci a sake. Amma ku je kara a Kumasi ko Ashaiman ku tambaya daga ina shanun suke. Da yawa daga Burkina Faso, Mali da Nijar suke shigowa. Garkunan da ke cikin ƙasa ma, da yawa na sarakuna ne da manyan 'yan ƙasa, Bafulatani kiwo kawai yake yi musu. Ana son nama da nono, ba a son mai sanda. Haka aka so koko aka ƙi Bamoshe.

Ba mu ce ba a ɓarna ba. Wanda shanunsa suka ci gona ya biya diyya, wanda ya ɗauki makami a kai shi kotu da sunansa, laifin wani kada ya shafi wani. Abin da muke nema a fili yake: a yi wa makiyaya rajista, a shata burtali da mashaya, a yi aiki da takardar ƙetare iyaka da dabbobi wadda ECOWAS ta amince da ita a 1998. Mu kuma 'yan'uwa, kowa ya nemi takardarsa da ta 'ya'yansa tun yanzu, domin rashinta aka kama iyayenmu da shi a 1969. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.