Dutse Ba Allo Ba Ne



Ya kai ɗalibi, kai ka fi kowa sanin halin allo. Ka rubuta da tawada, ka karanta, ka wanke, gobe ka sake wani. To dutse ba haka yake ba, icce ma ba haka ba. Dalilin wannan magana, kwanan baya na bi ta gindin wata tsohuwar kuka a bayan garinmu Fakku, sai na iske an sassaƙe jikinta da sunaye, wani da ƙusa wani da wuƙa. Har da ajami mai kyau, wanda ko ba a faɗa ba na san hannun ɗan makaranta ne. Wallahi ban ji daɗi ba.

Za ka ce, Malam, ɗan suna ne fa kawai. To bari in kai ka arewa, cikin hamadar Nijar, inda ɓarnar minti guda ke daɗewa fiye da ran wanda ya yi ta.

A kan hanyar Agadas zuwa Arlit akwai wani wuri da ake kira Dabus. Mutanen da can sun sassaƙa siffar raƙuman dawa guda biyu a jikin dutse, babban ya fi mita 5 tsawo. Masana sun kiyasta aikin ya kai shekara 6,000 ko fiye, tun zamanin da wurin ke da ruwa da ciyawa. Wani Bafaranshe, Christian Dupuy, shi ya fara rubuta bayaninsu a 1987. Duba ikon Allah, rana da iska sun bar su dubban shekaru, amma da labari ya bazu sai baƙi suka riƙa tattaka su, wasu na kankara sunayensu a gefe, wasu na ɓallar gutsure su tafi da shi. Sai da aka kwafi siffar a 1999, aka ajiye kwafi a filin jirgin saman Agadas, aka kuma sa Buzaye gadin wurin. A 2000 har ya shiga jerin wuraren tarihi 100 na duniya da ake tsoron salwantarsu.

Kada ka ɗauka jahilai kaɗai ke wannan. Wani mai zane haifaffen Beljiyam, Jean Verame, ya shafe manyan duwatsu da fenti, galibi shuɗi, kusa da Tafrawut a Maroko a 1984, ya sake yin irinsa a duwatsun Tibesti na Chadi a 1989. Masu goyon bayansa suna cewa fasaha ce, kuma tana jawo 'yan yawon buɗe ido. Ni dai ban gamsu ba. Wannan baƙi-baƙin da ke fuskar dutsen hamada ba datti ba ne, wata 'yar fata ce siririya da ke ɗaukar dubban shekaru kafin ta haɗu, kuma cikin tsagogin akwai ƙananan halittu da ke rayuwa da ɗan raɓa. In fenti ya hau, ko ka bar shi ya zauna, ko ka kankare shi tare da fatar. Wa ya ba mutum ɗaya izinin sa hannunsa a kan abin kowa?

Haka iccen ƙaya na Tenere, wanda ke tsaye shi kaɗai a hanyar ayarin gishirin Bilma. Saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 neman ruwa. Ayari bayan ayari sun wuce, ba wanda ya karya reshensa don dafa shayi. A 1973 wani direban babbar mota ya banke shi. Yau gawarsa tana gidan tarihi na Yamai, a gurbinsa kuwa ƙarfe aka kafa.

Mu nan ba cikin rairayi muke ba, alhamdu lillahi, amma dattawa za su gaya maka dajin Kebbe na ƙuruciyarsu ya fi na yau duhu. Iyaye, ku ma da naku. Mai ɓawon magani ya ɗiba ta gefe guda, domin in aka zagaye icce da ɓara to an yanke masa hanyar abinci, bushewa zai yi. Masu fentin siyasa a jikin duwatsu da itatuwa kuwa, zaɓe ya wuce fenti yana nan.

Kai kuma mai kyakkyawan ajamin nan, ban nemi sanin ko wane ne kai ba. Hannunka na da kyau ƙwarai. Ka same ni bayan darasi, akwai takarda da alƙalami.