Madubi Shimfiɗaɗɗe Da Masu Cewa Ba Ruwanmu

'Yan'uwa ɗalibai, wata magana ta zama ruwan dare a bakin wasu manyanmu: wai binciken abin da ido ba ya gani aikin ƙasashen da suka ƙoshi ne, mu namu noman shinkafa. Ba mu yarda ba.

A binciken ƙasa na 2021, cikin kowane yara 100 da aka gwada a Jihar Kebbi, 49 na ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Babu jihar da ta kai mu. To, da me ake ganin ƙwayar? Da madubin likita, bayan an rina jinin, ta fito da ɗigo ja da jiki shuɗi. Launi ne shaidar. Ga shi kuwa gilashi mai doro ba ya karya launuka daidai wa daida: shuɗi ya taru kusa, ja ya taru nesa, gefen hoto ya yi bakan gizo. Tun da Dollond ya yi rajistar dabarar a Ingila a 1758, maganin shi ne jera gilashi bisa gilashi, abin ya yi nauyi, ya yi tsada. Irin wannan kaya babban asibiti yake zama, ba ya sauka ƙauye kamar Maruda.

A 2016 Farfesa Capasso da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard ta Amurka suka nuna madubi shimfiɗaɗɗe, faranti da aka dasa wa miliyoyin 'yan ginshiƙai masu tsayin nanomita 600. A 2018 suka sauya siffar ginshiƙan yadda kowane launi zai jinkirta gwargwadon bukata, har haske daga nanomita 470 zuwa 670 ya haɗu wuri guda. Gaskiya ne, faɗin wancan madubi bai kai milimita ɗaya ba. Ashe ke nan da sauran aiki, bakin alƙalami bai bushe ba.

Za a ce ina masana'antarmu? Ƙira daban, zane daban. Zanen lissafi ne da kwamfuta. Ibn Sahl ma da tawada ya rubuta dokar karyewar haske a Bagadaza wajen 984. Muna da jami'a a Aliero tun 2006, da ta Tarayya a kan hanyar Kalgo tun 2013. Muna neman sassan Fiziya su sa zanen wannan madubi cikin ayyukan shekarar ƙarshe, kuma ƙungiyarmu ta kai bukatar gaban hukumar makaranta a rubuce kafin hutu.