A sassauta hannu wajen kitso

Ran jajibirin salla, duk gidan da ka shiga a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, za ka iske mata zaune bisa tabarma ana kitso. Za ka ji kukan ƙaramar yarinya, an matse kanta tsakanin gwiwoyi. Za ka ji uwa tana cewa: "Yi haƙuri, ado sai da wuya." Da dare yarinyar ba ta iya aza kai bisa matashi. Da safe fatar goshinta ta ɗaure, ƙananan ƙuraje sun fito a bakin gashi. Amma kowa ya gan ta sai ya ce kitso ya yi kyau.

Ƴan uwa, mu muna ganin wannan al'ada tana bukatar gyara. Kitso gadonmu ne, ba mu ce a bar shi ba. Abin da muke cewa shi ne a sassauta hannu. Macen da gashinta gajere ne, marar kauri, kuma ya fara zubewa, kada a yi mata kitso mai ja. Abin da ya dace da ita shi ne tufka mai sauƙi. Ga dalilanmu.

Yadda gashi yake tsira

Gashi kamar shuka yake. Kowane sili yana da saiwa cikin fatar kai. Daga saiwar nan yake samun abinci ta hanyar jini. Kan mutum yana ɗauke da sili wajen dubu 100. Kowace rana sili 50 zuwa 100 suna faɗuwa, wasu sababbi suna tsirowa. Wannan ba ciwo ba ne.

Gashi ba ya gaggawa. A wata guda yana ƙaruwa da wajen santimita 1, na wasu ma bai kai haka ba. Ke nan abin da aka tsinke cikin yini guda, sai an yi watanni kafin ya dawo.

Gashinmu na baƙar fata a nannaɗe yake. Duk inda sili ya lanƙwasa, nan ne rauninsa. Kuma maiƙon da fatar kai take fitarwa ba ya saurin gangarowa har bakin sili. Shi ya sa gashinmu yake saurin bushewa, musamman lokacin ɗari da iskar hunturu. Busasshen gashi kuwa kamar busasshen kara ne, da an lanƙwasa shi sai ya karye.

Abin da ke cinye gaban goshi

Mu dubi kawunan uwayenmu da yayyenmu idan sun tuɓe kallabi. Da yawa gaban goshinsu ya ja baya. Gefen kai, kusa da kunne, ya yi fili. Wasu suna cewa tsufa ne. Wasu suna cewa gado ne. Wasu ma suna zargin kishiya. Sau da yawa ba ko ɗaya daga ciki. Jan gashi ne na shekara da shekaru.

Manomi ya san wannan. Idan kullum kana jan ƙaramar shuka, ko ba ka tuge ta ba, saiwarta za ta sassauce. Wata rana sai ta mutu. Haka saiwar gashi take. Da farko tana kumbura, ta yi ƙuraje. Idan aka daina ja a wannan lokaci, gashi yana dawowa. Idan aka ci gaba, ramin gashin yana toshewa da tabo. Wurin ya zama sumul, yana ƙyalli. Daga nan babu man da zai sake tsirar da shi, kome tsadarsa.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A shekara ta 2007, likitocin fata na birnin Kef, a Afirka ta Kudu, sun bayyana binciken da suka yi kan kawunan jama'a. Sun iske kusan mace 1 cikin 3 ta rasa gashin gefen kai saboda ja. Cikin ɗiya mata ƴan makaranta kuwa, wajen 17 cikin 100. Sun kuma gano cewa haɗarin ya fi yawa idan aka yi kitso mai ja bisa gashin da aka sa ma man miƙar da gashi.

Abubuwa huɗu ne suka fi yin ɓarna. Na ɗaya, kitso mai tsauri. Na biyu, gashin kanti da ake ƙarawa, domin siririn sili ba ya iya ɗaukar nauyinsa. Na uku, man miƙar da gashi, wanda ke raunana sili, wani lokaci ma ya ƙona fata. Na huɗu, roba ko zare da ake ɗaurewa tamau, da kallabin da ake ƙullewa da ƙarfi kullum a wuri guda.

Me ya sa muka zaɓi tufka

Duk wanda ya taɓa ganin ana tufka igiyar kaba ko ta rama ya san aikin. Reshe biyu ake kamawa, ana murɗa wannan bisa wancan. Haka ake yi ma gashi. Kitso yakan ɗauki reshe uku, kuma yana kama fatar kai sosai. Tufka reshe biyu ce, ba ta da nauyi, ba ta bukatar ja.

Amfaninta yana da yawa. Tana tara gashi wuri guda, ba ya cuɗewa. Tana rage taje kai na kullum, wanda ke karya sili. Tana riƙe danshi. Tana da sauƙin tsifa. Ko gashin da bai wuce gaɓar yatsa biyu ba ana iya tufke shi. Kuma mace tana iya yi ma kanta, ko ƴar uwarta ta yi mata, ba sai ta biya kuɗi ba.

Amma mu faɗi gaskiya. Tufka ba magani ba ce. Ba ta sa gashi ya tsiro da sauri. Aikinta shi ne ta tsare wanda ya tsiro kada ya karye, ta kuma bar saiwa ta huta. Gonar da ta gaji, ai sauranta ake yi.

Yadda ake yin ta

1. A wanke kai da sabulu marar ƙarfi. A dirza fatar kai da tsokar yatsa, ban da farce. A ɗauraye sosai.

2. A tsane ruwan da tsumma mai laushi. Kada a bari gashin ya bushe ƙayau. Da ɗan danshinsa ake aiki.

3. A shafa mai kaɗan: man kaɗe, ko man gyaɗa, ko man riɗi. Mai ba ya jiƙa gashi, ruwa ne ke jiƙa shi. Aikin mai shi ne ya rufe ruwan kada ya fita. Idan mai ya yi yawa, sai ya kwantar da siririn gashi, ya tara ƙura.

4. A warware gashin da yatsu ko da mataji mai manyan haƙora. A fara daga bakin gashi, a gangara zuwa gindi sannu sannu.

5. A tsaga kai gida gida. Kada gidan ya yi ƙanƙanta ƙwarai, domin sili kaɗan ba su jure murɗi. Kamar faɗin kan yatsa ya isa.

6. A raba kowane gida biyu daidai, a murɗa har ƙarshe. A bar gindin sakwa-sakwa. A nannaɗe bakin da yatsa, zai riƙe kansa ba tare da roba ba.

7. Idan gashin ya yi gajarta sosai, a yi kwantacciyar tufka. Ita ce wadda ake bi da ita bisa fatar kai kamar kitso, ana ɗaukar gashi kaɗan kaɗan. Tana rufe wurin da ya yi fili, idan an kwantar da ita ta wannan gefe.

8. Ƙananan gashin gaban goshi a ƙyale su. Ba dole ba ne a kama kowane sili.

Bayan an gama, a riƙa yayyafa ruwa kaɗan duk bayan kwana 2 ko 3, a bi da ɗan mai. Da dare a ɗaura kallabi mai santsi, ba da ƙarfi ba. Bayan sati 2 a tsefe, kada a wuce sati 3, domin siririn gashi yana saurin dunƙulewa. A shafa mai a yatsu kafin tsifa. Za a ga gashi ya fito da yawa. Kada a tsorata, wanda ya faɗi cikin kwanakin nan ne ya taru. A wanke, a huta kwana biyu. In za a sake, a canza wurin tsaga.

Abin da wasu za su ce

Wata za ta ce: "Kitso mai tsauri ya fi daɗewa. Ni ba ni da kuɗin kitso kowane sati, ba ni da lokaci." Maganarta tana da hujja. Macen karkara tana daka, tana ɗiban ruwa, tana zuwa gona. Amma mu yi lissafi. Tufka ba ta cin kuɗi sai ɗan mai. Wadda goshinta ya cinye kuwa, za ta yi ta sayen mayuka a kasuwa shekara da shekaru, ba biyan bukata. Wanne ya fi tsada?

Wata za ta ce: "Tufka ba ta kai kitso kyau ba. Yaya zan je buki da ita?" Ba mu hana kitson buki ba. A yi shi jefi jefi, da hannu mai sauƙi, ba ƙarin gashi mai nauyi, a tsefe shi da wuri. Buki yini guda ne. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Wata kuma za ta ce: "Haka uwayenmu suka yi mana." Gaskiya ne. Sun yi ne don ƙauna, ba su san illar ba. Mu da muka sani, ba mu da uzuri.

Ga ma'auni mai sauƙi. Idan kitso ya sa ciwon kai, ya yi tsauri. Idan ya hana barci, ko ya hana aza goshi ƙasa wajen sujada, ya yi tsauri. Idan ƙuraje sun fito, ko fata ta tashi tsakanin layi, ya yi tsauri. A tsefe shi ran nan, kada a jira ya saki.

Gashi daga ciki yake ci

Ba duk zubewar gashi ba ce daga kitso. Ruwa ba ya tsami banza. Bayan haifuwa da wata 2 zuwa 4, mata da yawa suna ganin gashinsu yana zuba. Yawanci yana dawowa da kansa kafin yaro ya shekara. Haka ma bayan zazzaɓi mai tsanani. A irin wannan lokaci ne gashi ya fi bukatar hannu mai sauƙi.

Akwai kuma ƙarancin jini. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekara ta 2019 ta nuna kusan rabin matan Nijar masu shekarun haifuwa suna fama da shi. Alamunsa su ne kasala, jiri, da farin tafin hannu. Yana iya sa gashi ya zube. Abincin da ke taimako yana kusa da mu: wake, zogale, gyaɗa, ganyen rama da yakuwa, ƙwai, kifi, hanta. A matsa lemun tsami ko a sa tumatir, suna taimaka ma jiki ya amfana. A jinkirta shan shayi bayan cin abinci, domin yana rage wannan amfani. Mai ciki ta je awo, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ta.

Idan gashin yaro ya yi ja, ya yi laushi, yana tugewa da sauƙi, wannan ba maganar ado ba ce. Yana iya zama alamar tamowa. A kai shi likita ba tare da jinkiri ba.

A kuma je likita idan gashi ya zube a kewaye kamar kwabo, da ƙaiƙayi da ɓawo. Wannan yana iya zama makero. Shafe-shafe kaɗai ba ya kashe makeron kai, sai da maganin sha. Yana yaɗuwa ta mataji, da tsinken kitso, da aska, da hula. Kowa ya riƙe nasa, ko a wanke su da sabulu kafin a yi ma wani.

Kiranmu

Ga makitsa: sana'arku mai daraja ce. Gwanar makitsiya ita ce wadda matan da take yi ma kitso suka tsufa da gashinsu. Idan mace ta ce miki da zafi, ki saurara.

Ga uwaye: kukan yarinya wajen kitso ba shagwaɓa ba ce. Icce tun yana ɗanye ake kula da shi. Ku yi ma ɗiyanku tufka mai sauƙi, ku nisanta su da man miƙar da gashi.

Ga maza: kada ku yi ma matanku gori saboda gashinsu ya ragu. Ku taimaka da cefanen wake da ƙwai, ku bar su su je awo.

Ga wadda goshinta ya riga ya fara ja baya: ki fara yau. Ki tsefe, ki huta, ki koma tufka. Ki ba shi watanni, kada ki ƙosa. Idan wata 6 ya wuce ba canji, ki nemi likita. Rigakafi ya fi magani, kuma sannu ba ta hana zuwa.