Batir ake saya, ba inji ba

'Yan uwa kafintoci da masu walda na PK5, in kayan aikinku masu batir sun gaji, don Allah kada ku bi araha kuna tsintar ɗaya nan, ɗaya can. Batirin Makita ba ya shiga injin DeWalt, na DeWalt ba ya shiga na Bosch. Wanda ya haɗa kamfani uku, caja uku zai zauna yana gadi, a garin da wutar Boali ke ɗaukewa ba sallama. Ko tashar hasken rana ta Danzi da aka buɗe a 2023 ba ta raba Bangui da duhu ba.

Ni a ganina, ka tsaya kan kamfani ɗaya, wanda batirinsa ke samuwa nan kasuwar KM5, ba sai an aika Duwala ba. Sayi batir biyu masu 4Ah ko 5Ah, ɗaya na aiki, ɗaya na caji. Kada rubutun 20V ya ruɗe ka, shi ne dai 18V. Ka kuma duba caja: ta Amurka 120V ce, wutarmu 220V, jonawa ɗaya ta ƙone.

Ranar da batir ya mutu, kuɗin cefane ne ya mutu.